Kama da Wane Ba Ta Wane

Edita ya roƙi dukan waɗanda suka komo daga gwajin koyarwa kowa ya rubuta abin da ya koyo a can. Na ga 'yan'uwana sun rubuta a kan shirya darasi da yadda ake riƙe aji. To, ni abin da zan ba ku labari ba a cikin aji ya faru ba, a ofishin hedimasta ne, kuma ba abin yabo ba ne a gare ni. Na daɗe ina shawara ko in rubuta ko in bari. Amma da na tuna ƙannenmu su ne za su fita bana, kuma da yawansu za su tarar da irin abin da na tarar, sai na ga gara in sha kunya sau ɗaya da a ce wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Bara da kaka aka tura mu, mu uku, wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye can bayan Mangu. Abin da makarantar nan take alfahari da shi duka bai wuce wata tsohuwar kwamfuta ta tebur ba, wadda tsofaffin ɗalibai suka haɗa kuɗi suka sayo ta hannu a Jos. Windows 7 ce a cikinta, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun watan Janairu na 2020, amma tun da yake ba a hawa intanet da ita, ba wanda abin ya dama. Da ita ake buga takardun jarrabawa, da ita ake shigar da makin yara, da ita kuma ake nuna wa 'yan aji uku abin da ake kira kwamfuta. Babu wutar gwamnati a wurin. Maigadi, wani dattijo mai yawan fara'a, shi yake tayar da janareta da ƙarfe goma, ya kashe da tsakar rana.

Ciwon kwamfutar nan ɗaya ne, watau ƙarancin kafofin USB, waɗannan 'yan ramuka da ake soka filas da sauran kaya. Da can tana da shida, huɗu a baya, biyu a gaba. Na gaba yara sun karya harsunansu wajen soka abu a juye da ƙarfi, biyu na baya kuwa sun mutu tun kafin zuwanmu. Saura biyu, ɗaya ta kibod, ɗaya ta maus. In za a sa filas sai a zare maus, akawu ya yi ta lalube da kibod kaɗai. In za a buga takarda sai a kwafe ta a kan kwamfuta tukuna, a zare filas, a sa firinta. Kowane canji kuwa sai akawu ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur, ya fito da ƙura a gwiwa. Mutum ne mai iyali, ya kusa haihuwata, abin ya riƙa ba ni tausayi.

Ran nan na ce wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne, zan iya gyarawa." Don in nuna masa ba da baki kawai nake faɗa ba, sai na zazzage masa duk abin da aka koya mana a nan. Na ce a 1996 aka fito da USB, kamfanoni bakwai ne suka haɗa kai, cikinsu har da Intel da IBM da Microsoft, kuma wani injiniya haifaffen Indiya mai suna Ajay Bhatt yana cikin waɗanda suka ja gaban aikin. Na ce USB 2.0 ta fito a 2000 tana gudun megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 kuma a 2008 tana gudun gigabit 5, watau wajen ninki goma, ana kuwa gane ta da shuɗin harshe. Har na ƙara da cewa bisa ga ƙa'ida ana iya jera kaya har 127 a bayan tushe guda. Hedimasta ya yi ta kaɗa kai, ya ce, "Madalla, Malam ƙarami. Allah ya kawo mana mai sani." Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun da nake ban taɓa kwance bayan kwamfuta da hannuna ba.

Dabarata ta fari ita ce in sayo abin nan mai raba kafa ɗaya ta zama huɗu, wanda masu shago suke kira hob. Na sayo mai araha wanda ba shi da wayar wuta tasa. Kwana biyu na fari ya yi aiki sumul, akawu ya yi mini godiya har da kawo mini dafaffiyar gyaɗa. Ran na uku malamai suka ga kafofi sun yawaita, ga janareta yana aiki, sai kowa ya kawo wayarsa caji. Nan da nan maus ya fara sandarewa, filas kuma ya riƙa ɓacewa ana tsakiyar aiki. Dalili kuwa a fili yake in da na tsaya na yi tunani. Kafar USB 2.0 guda ɗaya wutar da take bayarwa bolt 5 ce, ƙarfinta miliamfiya 500 kawai, hob kuwa ba ya ƙara ko ɗigo, rabawa yake yi. Tuwon mutum ɗaya na ajiye wa mutum huɗu, cikinsu kuwa har da masu ci da yawa.

Da na ga haka sai kunya ta kama ni, na ce lalle sai na yi gyara na sosai. Ran Juma'a na tafi Jos na sayo wani ɗan ƙarfe mai kafofi biyu, da waya a jikinsa, da kai mai ramuka tara. Mai shago ya ce a cikin kwamfuta akwai wurin da allurai tara suke tsaye a kan babban allo, wanda masu gyara suke kira madabod, nan ake soka kan, sa'an nan a ɗaure ƙarfen a baya da noti. Ya fara wani bayani kuma, amma ina saurin samun mota, na ce masa na sani.

Ran Asabar na karɓi mabuɗin ofis. Hedimasta ya riga ya amince da ni ƙwarai, har ya nuna mini inda yake ajiye filas ɗinsa a cikin durowa, domin ina taimakon akawu shigar da maki. A cikin filas ɗin nan makin dukan azuzuwa na zangon fari suke, aikin mako uku, ba a kuwa buga su ba tukuna. Ba ya yarda a bar su a kan kwamfuta, saboda yara suna taɓa ta. Juma'a mai zuwa kuma za a ba da hutu, kowane yaro ya tafi gida da sakamakonsa.

Na kwance murfi, na ga ƙura ta yi kamar auduga. Na duba can ƙasan allo, sai ga wurare biyu kusa da juna, kowanne da allurai tara a layi biyu, da gurbin ɗaya babu a gefe. Ba su da bambanci ko kaɗan a idona. Na ɗauki wanda waya ta fi isa da sauƙi, na soka, ya shiga lafiya lau ba gardama. Na ce a raina, abin da ya shiga haka ai wurinsa ne. Na roƙi maigadi ya tayar mini da janareta, kwamfuta ta tashi. Na duba abin da zan gwada da shi, ga maus a gabana, amma hannuna ya tafi durowa, gama ina so ran Litinin in ce wa hedimasta na riga na gwada da nasa ya yi.

Ina sokawa sai na ji wani ɗan ƙara, kwamfuta ta mutu, warin ƙonannen roba ya tashi. Na zare filas, ya yi zafi har ya ƙona mini yatsa. Gabana ya faɗi. Na cire ƙarfen nan da wayarsa, na sake kunna kwamfuta, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Na sa filas a tsohuwar kafa ta baya, shiru. Na zare na hura, na sake sawa, shiru. Ya fi sau goma ina yi. A nan ne na yi abin da ya fi ƙona filas muni. Na rufe murfi, na share tebur, na mayar da filas cikin durowa daidai yadda na same shi, na sa ƙarfen a aljihu, na kulle ofis na tafi.

Ran Litinin akawu ya sa filas bai kawo ba. Aka kira hedimasta. Daidai lokacin kuwa janareta yana tari, wuta tana hawa tana sauka. Hedimasta ya ce shi ke nan, wuta ce ta ƙone shi, ya aika a kira maigadi. Ya yi masa faɗa a gabanmu duka, ya ce sau nawa zai gaya masa ya bar inji ya daidaita kafin ya ba ofis wuta, ya ce kuɗin filas daga albashinsa za a cire, maganar makin yara kuwa sai kwamitin iyaye ya zauna. Dattijon nan ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, yadda nake tayar da shi kullum haka na tayar yau." Ya dube ni sau ɗaya, domin ya san wanda ya sa shi tayar da inji ran Asabar, amma bai ce komai ba. Ni ma ban ce komai ba.

Daren nan ban runtsa ba. A makarantar mishan inda na yi firamare muna da wata doka, in ka fasa abu kai da kanka za ka tattara gutsattsarin ka kai wa malami, ba a yarda wani ya kai maka ba. Muna yara muna ganin mugunta ce. Ina kwance ina tuna wannan, ina kuma lissafin abin da zai same ni. Malaminmu mai zagayen dubawa zai zo cikin makon nan, abin da hedimasta ya rubuta kuwa zai bi ni har ranar da zan gama. Iyayena sun sayar da buhunan masara kafin su biya mini kuɗin zangon. Na ga in na yi shiru ba wanda zai sani sai mutum ɗaya, shi kuwa ba zai faɗa ba. Wannan ɗin ne ya hana ni barci.

Da gari ya waye na riga kowa zuwa. Da hedimasta ya iso na ajiye ƙarfen nan a kan teburinsa, na gaya masa kome tun daga farko. Ya yi shiru har na fara jin tsoro. Can ya ce, "Malam ƙarami, filas abu ne na kasuwa, kuskure kuma kowa yana yi. Amma jiya kana tsaye a nan na ci mutuncin sa'an mahaifinka." Ya tashi ya ce in biyo shi. Muka tarar da maigadi yana shara. Hedimasta ya fara ba shi haƙuri da kansa a gaban malaman da suke wurin, sa'an nan ya matsa ya ba ni wuri. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na yi, ka gafarce ni." Ya ce, "Tashi, ɗana. Na san za ka zo, ban dai san ko yau ko gobe ba."

Saura aikin maki, ga kwana uku kacal. Muka tattara littattafan maki na hannu daga wurin kowane malami. Abokan zuwana biyu suka ba da darensu, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana dubawa, ni ina bugawa, man janareta kuwa daga aljihuna. Wata malama ta tafi hutun haihuwa da littafinta, sai da na hau keken aro na yi tafiyar awa biyu zuwa garinsu na karɓo. Daren Alhamis wajen ƙarfe ɗaya muka buga takarda ta ƙarshe. Ran Juma'a kowane yaro ya tafi da sakamakonsa, ba wanda ya san abin da aka sha.

Da aka yi hutu na roƙi hedimasta ya bar ni in kai kwamfutar wurin mai gyara da kuɗina. Ya yarda, amma ya haɗa ni da akawu. Muka kai ta Bukuru wurin wani dattijo wanda da can rediyo yake gyarawa kafin ya koma kwamfuta. Na nuna masa inda na soka. Ya ɗauki ɗan buroshi ya share ƙura, ya haska tocila, ya ce, "Malam, karanta mini nan." A jikin allo, dab da allurai, an rubuta 1394 da ƙananan farare. Ya haska ɗayan wurin, an rubuta USB. Rubutun yana nan tun ranar da aka ƙera allon, ni ne ban share na duba ba, ga shi kuwa karatu nake koya wa yara.

Ya ce wancan na 1394 wata hanya ce dabam da ake kira FireWire, wadda kamfanin Apple ya fara, an fi amfani da ita wajen kyamarar bidiyo ta da. Kowace kafar USB 2.0 wayoyi huɗu gare ta, ja mai kawo bolt 5, fara da kore masu ɗaukar saƙo, da baƙa wadda wuta take komawa ta cikinta. A wurin 1394 kuwa, allurai biyun da baƙar waya take hawa, bolt 12 ne a kansu. Watau na tura wa filas wuta fiye da ninki biyu, kuma ta ƙofar da ba ta shiga ba. Ya ce na yi sa'a allon bai tafi tare da shi ba. Ya yi dariya ya ce, "Kama da wane ba ta wane."

Sa'an nan ya zauna ya nuna mana hanyoyi huɗu, ga su nan domin amfanin wanda zai buƙata. Ta fari ita ce mafi araha. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da kafofi biyu masu zagaye a baya, waɗanda ake kira PS/2, tun daga kwamfutar IBM ta 1987, mai ruwan shanshanbale ta kibod, koriya ta maus. In ka sami kibod da maus masu irin wannan kai, ka sami kafofin USB biyu ke nan a kyauta, sai dai a kashe kwamfuta kafin a soka su. Ta biyu ita ce ɗan ƙarfen nan da na saya, in an soka shi inda aka rubuta USB, kowane wuri mai allurai tara kafa biyu yake bayarwa. Ta uku ita ce hob, amma mai wayar wuta tasa, in za a sa masa kaya masu jan wuta. Ta huɗu ita ce kati da ake dasawa a kan allo.

Ramin kati iri biyu ne, dole mutum ya buɗe ya duba kafin ya je kasuwa. Akwai PCI, tsohon yayi na 1992, dogo ne kuma yawanci fari. Akwai PCI Express na 2003, wanda ƙaraminsa bai kai tsawon yatsa ba. Katin wannan ba ya shiga ramin wancan. A duba kuma faɗin akwatin kwamfutar, gama siririn akwati gajeren ƙarfe yake ɗauka. Ni na so a sa mana katin USB 3.0 saboda sauri. Dattijo ya ce a'a. Irin wannan yawanci PCI Express yake hawa, wasu suna buƙatar a ja musu waya daga tukunyar wutar kwamfuta, kuma Windows 7 ba ta gane shi sai an sa mata 'yar manhajar da ake kira direba, sai daga Windows 8 ta 2012 aka fara haɗo ta a ciki. Ya ce ranar da direban nan ya ɓace a ƙauyen da ba intanet, wa zai nemo? Kibod da maus da firinta kuwa ba sa bukatar wannan gudu. Muka ɗauki katin USB 2.0 mai kafa huɗu na ramin PCI, wanda Windows 7 take ganewa da kanta.

Bai yarda ya dasa ba, ni ya miƙa wa sukudireba. Ya sa na zare wayar wuta daga bango tukuna, na danna maɓallin kunnawa na ɗan riƙe don ragowar wuta ta fita. Ya sa na taɓa ƙarfen akwati kafin in taɓa kati, domin da hunturu jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda takan yi ƙara in ka tuɓe rigar sanyi, ita kuwa tana iya kashe ƙananan kayan allo. Ya ce a riƙe kati ta gefe, kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya, a danna shi a miƙe har ya zauna, a ɗaure da noti. Ya gargaɗe ni kada in taɓa kwance tukunyar wuta, gama tana riƙe wuta mai haɗari ko an zare ta. Da muka gama ya jawo wani tsohon maus daga kwali ya gwada kowace kafa da shi. Ya ce sabon wuri da abin da ba a jin asararsa ake gwada shi. Ƙarfen nan nawa ma bai lalace ba, muka soka shi a wurinsa na gaskiya. Kwamfutar da ta zo da kafa biyu ta koma da takwas.

Da malaminmu mai dubawa ya zo, hedimasta bai ɓoye masa kome ba, ya faɗi ɓarnar, ya faɗi shirun da na yi, ya kuma faɗi zuwan da na yi da safe. Makin da na samu matsakaici ne, ban kuwa yi gunaguni ba. Na sayi filas biyu na kai, yanzu kowace Juma'a akawu yakan kwafe na ɗaya cikin ɗaya, guda yana ofis, guda yana gidan hedimasta.

'Yan'uwana da za ku fita bana, ku sani a ƙauye in an ji daga kwaleji kuka zo za a ɗauka kun san kome, za a kawo muku rediyo da waya da takardar asibiti. Daɗin wannan girma ne ya hana ni in ce ban sani ba, ya hana ni tsayawa in saurari mai shago, ya kuma rufe mini baki sa'ad da ake wa dattijo faɗa a kan laifina. In an ba ku kayan makaranta ku gyara, ku share ƙura ku karanta abin da aka rubuta, ku tambayi wanda ya taɓa yi, kada kuma ku yi gwaji da abin da guda ɗaya ne tak. In kuwa ɓarna ta riga ta faru, ku faɗa tun kafin a ɗora wa wani.

Watan jiya na koma gaishe su. Kwamfuta tana aiki, akawu ya daina shiga ƙarƙashin tebur, an kuma manna takarda a bango cewa an hana cajin waya a ofis. Maigadi ya hango ni tun daga ƙofa, ya ɗaga tsintsiya ya ce, "Maraba da Injiniya!" Duk malamai suka yi dariya, ni ma na yi. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.